Rubutun UNLEADED FUEL ONLY a dashbod ɗin tsohuwar mota: na kamfani ne, kuma me yake gaya maka?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Kaduna ya rubuto cewa ya sayi Marsandi 450SL ƙirar 1978 da aka shigo masa da ita daga Amurka, yana gyara ta sannu a hankali. A gaban direba, kusa da gejin mai, akwai ɗan rubutu da Turanci, UNLEADED FUEL ONLY, ya dushe, gefe ɗaya ma ya fara ɗagowa. Mai yi masa aikin kujeru da dashbod ya ce a ɓamɓare shi, wai wani ne ya liƙa daga baya. Makanikensa kuma ya ce tsohon inji ba ya zama lafiya sai da dalma a cikin mai, don haka ya nemo maganin da ake zubawa a tanki. Yana so ya san ko rubutun na kamfani ne, da abin da yake nufi, da kuma maganar wa zai bi.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri a wannan mota, ya kiyaye hanya. Kafin komai, ka aika wa mai dashbod cewa ya ɗage hannunsa daga wannan rubutu. Motar Amurka ta 1978 mai irin injin taka da shi ta fito daga kamfani, kuma ba don ado aka sa shi ba, doka ce ta tilasta. Shi kuma makanikenka, maganarsa tana da tushe, sai dai ba motarka ta shafa ba. Abin da zai tabbatar maka da haka shi ne wannan ɗan rubutun da ake shirin jefarwa.

Ma'anarsa da Hausa ita ce: kada a zuba sai man da ba shi da dalma. Mu a nan mun san dalma da mummunan suna tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara. To, an yi kusan shekaru ɗari ana zuba wannan dalma a man fetur da gangan. A watan Disamba na 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors mai suna Thomas Midgley ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana hana inji ƙwanƙwasa. Ba nokin da muke faɗa idan inji ya ƙone nake nufi ba. Wata siririyar ƙara ce kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani, wadda ake ji idan an taka mota a hawa: mai ne yake fashewa da kansa a cikin silinda saboda matsi da zafi kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. An fara sayar da man mai dalma a garin Dayton na jihar Ohio a watan Fabrairu na 1923. Tun a 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey wajen haɗa sinadarin, amma aka ci gaba, domin ya ba kamfanoni damar ƙera injuna masu matsi da ƙarfi a kan araha.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ba lafiyar mutane ce ta fara korar dalma daga famfon mai ba, wata 'yar tukunya ce a cikin salansa. A 1970 majalisar Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, ta ce sai an rage hayaƙin motoci da kashi 90 cikin ɗari a 'yan shekaru. Hanyar da yawancin kamfanoni suka samu ita ce na'urar tace hayaƙi, wadda makanikanmu suke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar. Cikin nan an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam, daga baya aka ƙara rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta kansu, sai su ƙarasa ƙona guntun man da bai ƙone ba, su mai da iskar nan mai kisa ta salansa wadda ba ta da wari zuwa mai sauƙin illa. Dalma kuwa idan ta biyo hayaƙi, sai ta lulluɓe waɗannan ƙarafa kamar an yi musu fenti. Tanki kaɗan ya isa ya kashe na'urar, kuma ba ta farfaɗowa. Direba ba zai ji komai ba, mota tana tafiya lafiya lau, alhali abin da aka kashe ɗaruruwan daloli a kansa ya zama gwangwani.

Saboda haka hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da ƙa'ida a farkon 1973. Ta ce daga 1 ga Yuli 1974 manyan gidajen mai su tanadi aƙalla famfo ɗaya na man da ba dalma. Ta kuma ce duk motar da aka ƙera don wannan mai, daga ƙirar 1975, sai an sa mata rubutu biyu da ba sa gogewa: ɗaya a dashbod inda direba zai gani, ɗaya a bakin tanki inda mai ba da mai zai gani. Ka buɗe murfin tankinka ka duba, ɗan'uwan wannan rubutu yana can, ko aƙalla tabon inda yake. Lafazin dokar na farko shi ne Unleaded Gasoline Only, shi ya sa za ka ga wasu motoci da wannan, wasu da Unleaded Fuel Only. Wasu kamfanoni sun buga shi a fuskar gejin mai, kamar Chevrolet Corvette daga 1975, wasu kuma suka liƙa sitika. Duka biyun aikin kamfani ne.

Hukumar ba ta dogara da rubutu kaɗai ba, don ta san halin ɗan Adam. Ta sa aka ƙanƙance bakin famfon man da ba dalma, faɗinsa kada ya wuce milimita 21.3, na mai dalma kuma kada ya gaza milimita 23.6. Aka kuma sa wani zobe a wuyan tankin sababbin motoci wanda ƙaramin baki ne kawai zai shige shi. Wannan zoben ya kamata ka haska da tocila ka gani, domin yana ba da labari. A shekarun nan man dalma ya fi araha da 'yan kwabbai a kowane galan, kuma mutane da yawa sun yi imani ya fi ƙarfi, sai su sa guduma da kurfi su faɗaɗa zoben, ko su riƙa yawo da mazurari. Na sha buɗe tankin motar Amurka ta wancan zamani na tarar da zoben a yage. Idan naka haka yake, ka ɗauka indominka ta mutu tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Idan yana nan daram, mai ita na farko mutum ne mai kula, kuma yawanci za ka ga alamar wannan kular a sauran sassan motar.

Yanzu ga maganar makanikenka, kuma ina so a yi masa adalci. Bayan hana ƙwanƙwasa, dalma tana wani aiki na biyu da ba don shi aka zuba ta ba. Idan ta ƙone, tana barin siririn shafi a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, wato zoben da bawul yake zama a kai idan ya rufe. Bawul yana dukan wurin nan dubban sau a minti ɗaya yana jajur da zafi. A injunan da tof silindarsu ta baƙin ƙarfe ce, aka sassaƙa mazaunin a jikin ƙarfen kai tsaye, wannan shafi shi ne matashin da ke tsakani. Idan babu shi, bawul yana ɗan mannewa da mazaunin yana ɓalle ƙwayoyin ƙarfe, sannu a hankali ya nutse ciki, tazarar bawul ta rufe, daga nan ya ƙone. Wannan gaskiya ne, kuma ya dami masu tsofaffin motocin Ingila irin su Morris Minor da Mini da MGB da tsohuwar Land Rover mai fetur. Shi ya sa da Ingila za ta daina sayar da man dalma a farkon shekarar 2000, ƙungiyar masu motocin tarihi ta ƙasar ta sa aka gwada magungunan da ake zubawa a madadinta a 1999, aka ga kaɗan ne daga cikinsu suke aiki da gaske. Daga irin wannan ne maganar ta yaɗu har ta zama kamar ta shafi duk tsohuwar mota.

Injin motarka kuwa, mai silinda takwas da lita 4.5, tof silindarsa ta alminiyam ce. Alminiyam ba ya jure dukan bawul, don haka tun a kamfani ake dasa masa zobba na ƙarfe mai tauri. Bayan haka, an ƙera wannan mota ne don kasuwar da doka ta hana a zuba mata dalma tun ranar da aka fitar da ita daga shago. Kamfani ba zai rubuta maka kada ka zuba abu ba alhali injinsa ba ya rayuwa sai da shi. Saboda haka kada ka sayi maganin nan. Asarar kuɗi ce, kuma wasu daga cikin irinsa suna ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda shi ma yake lalata indomi. Haka nan idan wani ya kawo maka shawarar man ƙananan jiragen sama wai don ƙarfi, ka ƙi. Wanda ake kira 100LL har yau da dalma a cikinsa, kuma mai yawa.

A famfon gidan mai kuwa, ba ka da fargabar dalma. Amurka ta yi ta rage ta, daga giram 1.1 a galan zuwa 0.1 a farkon 1986, ta haramta ta ga motocin kan titi daga 1 ga Janairu 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Wato yau duk inda ka tsaya shan mai, umarnin wannan rubutu ya cika da kansa. Amma ka lura da abin da wannan ya nuna game da motocin da suka shigo mana kafin lokacin: duk motar Amurka ko ta Turai mai indomi da ta yi yawo a titunanmu a shekarun 1990, man dalma ta sha, rubutun yana kallon direba ba wanda ya kula. Taka da ta zo kwanan nan ta tsira daga wannan.

To idan umarnin ya cika da kansa, me ya sa na nace a bar rubutun? Domin a wurin mai tsohuwar mota, aikinsa ya sauya. Yanzu shaida ne. Yana gaya maka kasuwar da aka ƙera motar dominta da zamaninta, kuma sauran jikin motar ya kamata ya gaskata shi. Marsandi 450SL ta Amurka ta 1978 tana da zagayayyun fitilu huɗu a gaba, da dogayen bamba masu fitowa waje waɗanda aka fara sa wa daga 1974, da agogon gudu mai lissafin mil, da wata takarda a ƙarƙashin bonet mai bayanin hayaƙi da saitin inji, da faranti a jikin ƙofar direba mai wata da shekarar ƙira. Idan duk waɗannan sun yi daidai da rubutun dashbod, motarka ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Idan ka ga rubutun a motar da shekararta ta gaza 1975, ko dai an canza mata agogo daga wata mota, ko wani ya liƙa don ya ga ana yi. Akwai kuma motocin da aka ƙera don Turai, 'yan kasuwa suka shigar da su Amurka da kansu a farkon shekarun 1980, aka dasa musu indomi da sitika a gareji. Irin wannan sitika ba ta kamfani ba ce, ko da yake ita ma tarihin motar ce. Mai saye da ya san mota yana duba waɗannan ƙananan abubuwa kafin ya duba ƙyallin fenti.

Rashin rubutun ma yana magana. Ba duk motar Amurka ta bayan 1975 ke da shi ba. Honda Civic mai injin CVCC ta cika ƙa'idar hayaƙi ba tare da indomi ba, don haka tana shan kowane mai. Ford ta fito da a-kori-kurarta F-150 a 1975 da nauyin da, idan an haɗa da lodin da aka yarje mata, ya ɗan haura fam 6,000, wanda ya fitar da ita daga rukunin da dokar ta kama. Motoci da yawa da aka sayar a Kanada a waɗannan shekaru su ma ba su da indomi. A Turai kuwa sai a tsakiyar shekarun 1980 man da ba dalma ya fara yaɗuwa, indomi ba ta zama dole ga sababbin motocin fetur ba sai a 1993, kuma rubutunsu, kamar Bleifrei na Jamusawa, wato marar dalma, an fi samunsa a cikin murfin tanki. Japan ce ta fi burge ni a wannan fanni. Da ta cire dalma daga man gama-gari a 1975, sai aka raba motocin da ke kan titi kashi huɗu, kowanne da sitikarsa mai launi: masu shan marar dalma kawai, masu buƙatar dalma idan za a yi doguwar tafiya da gudu, masu son gauraye, da masu buƙatar dalma kullum. Wannan rabo ya nuna sun fahimci ainihin matsalar, domin nutsewar bawul ba a yawon cikin gari take faruwa ba, sai an daɗe ana gudu ko ana jan kaya.

Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna, da Bitil da aka haɗa a Legas, ba su da irin wannan rubutu, don babu dokar da ta nema, kuma duk man da ke ƙasar a lokacin mai dalma ne. Su ma tof silindarsu ta alminiyam ce mai dasassun zobba, shi ya sa da dalma ta ɓace daga famfo suka ci gaba da lodi ba wanda ya ji bambanci. Wanda ya kamata ya yi tunani shi ne mai injin baƙin ƙarfe na kafin shekarun 1970. Shi ma ba sai ya firgita ba. Ya riƙa auna tazarar bawul a kai a kai. Idan ya ga ta ɓangaren hayaƙi tana ta raguwa duk lokacin da aka auna, mazaunin ya fara nutsewa, sai a kai tof silindar wurin masu injin yanka a dasa mata zobba masu tauri, an rabu da matsalar ke nan.

Akwai abin da rubutun bai faɗa ba, kuma nan ne nake so hankalinka ya koma, don shi ne zai iya cutar da motarka yau. Na farko ƙarfin mai, wato lambar okten. Amurka da sauran duniya ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba: abin da famfon Amurka ya rubuta 87 shi ne kusan 91 a ma'aunin RON da Turai da mu muke bi. Mutane suna rikicewa a nan ƙwarai. An rage wa 450SL ta Amurka matsi zuwa 8 bisa 1 domin ta sha man gama-gari, ita kuwa ta Turai matsinta ya fi haka, man sufa take so. Ƙanwarta 560SL, ta 1986 zuwa 1989, rubutunta da ƙarin kalma, Premium, wato mai mai babbar lambar okten, kuma wannan kalma ba wasa ba ce. Taka ba ta da wannan buƙata. Idan duk da haka ka ji ƙwanƙwasa a hawa da tsakar rana, a duba taimin a daidaita shi da abin da takardar ƙarƙashin bonet ta ce, kada a saita da kunne.

Na biyu, waɗanda suka rubuta wannan gargaɗi ba su san man zamaninmu ba. A Amurka yawancin man yau yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol, kuma motarka ta yi shekaru tana shan sa kafin ta zo. Itanol yana busar da tsohuwar roba har ta tsage, yana kuma jan ruwa ya tara tsatsa a tanki idan mota ta daɗe a ajiye. Motarka ba kafireta gare ta ba, injekta ce irin ta Bosch K-Jetronic, wadda famfonta yake tura mai da matsi mai ƙarfi da ya kai 5 a ma'aunin bar. Tiyo mai shekara arba'in da wani abu a ƙarƙashin wannan matsi, kusa da salansa mai zafi, shi ne abin da yake ƙona irin waɗannan motoci. Kuɗin da za ka kashe a maganin dalma, ka sa shi a sababbin tiyo na injekta, masu lambar SAE J30 R9 a jiki, da sabuwar matatar mai, a kuma sauke tanki a wanke. Wannan injekta ba ta yafe datti ko kaɗan, don haka man jarka na bakin titi ka bar wa wasu. Kuma idan indominka tana nan da rai, a ƙarƙashin motar take, don daga 1977 aka sauko da ita daga cikin bonet inda zafinta yake tafasa mai a ƙirar 1975 da 1976. Tana yin zafin da zai kunna busasshiyar ciyawa, saboda haka da rani ka lura da inda kake fakin idan ka je gona ko ƙauye.

Game da sitikar kanta, a ganina dusasshiyar asali ta fi sabuwa ƙal, matuƙar ana iya karanta ta. Sau ɗaya kamfani ya liƙa ta, ba za a sake ba. Kada a goge ta da fetur ko tina ko man ƙyalli na dashbod, duk suna cin tawada. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya wadatar. Gefen da ya ɗago, a ɗiga masa gam kaɗan da tsinken sakace, a danne da yatsa ta bayan tsumma, ban da gam mai kamawa nan take, don yana ƙona roba ya bar farin tabo. Idan dole sai an sake fatar wurin da take, ka fara ɗaukar hotonta da ma'auni a gefe, yadda za a san girmanta da nisanta daga geji. Sannan a ɗumama ta da na'urar busar da gashi daga nesa, a zura siririn zare ta ƙarƙashi a ɗago ta a hankali, a ɗora a takarda mai santsi. Idan ta fita lafiya a mayar da ita mazauninta. Idan ta yage, masu sayar da kayan tsofaffin Marsandi a Amurka da Jamus suna buga irinta. Ka gwada siffar haruffa da lafazin da hoton da ka ɗauka kafin ka biya, domin na shekaru daban-daban sun bambanta. Guntayen tsohuwar kuma ka sa su a ambulan tare da takardun motar, ka rubuta ranar da aka cire a bayansa.